Manhajar Mutum Tara

Da rana ni na kamfani ne.
Inshora muke lissafawa a hawa na huɗu,
taga na kallon kogin Emajõgi,
ni ina kallon wata tagar, ta cikin allo,
inda lambobi ke jerin gwano kamar tururuwa.
Biyar ba ta buga ba Tartu ta yi duhu.
In naɗe wuya, in tura keke kan ƙanƙara,
in sayi baƙin burodi da kifin gwangwani.

Da dare kuwa ni nawa ne.

Akwai tsohuwar kwamfuta a kusurwar ɗaki,
fankarta na huci kamar dattijo kan matakala.
Cikinta wata jaka na sa wa suna "wata rana",
maƙabartar abubuwan da na fara:
agogon da zai tuna mini shan ruwa,
wasan dara da bai san an cinye shi ba,
ƙamusun kalmomin kakata
da ya tsaya a harafin K tun bazarar da ta rasu.

Joosep na ofis yakan yi mini dariya,
wai manhajar da nake rubutu da ita ta girme shi.
Na ce bar ni, da tsohuwar zuma ake magani.
Yatsuna sun san lungunanta
kamar yadda ƙafa ta san hanyar madafa cikin duhu.

Abu ɗaya tak na taɓa gamawa,
shi ma gamawar a bakina take.
'Yar manhaja ce ta masu kiwon zuma,
kawu Endel na yi wa, don littafinsa ya jiƙe:
nauyin amya, ranar duba, wace sarauniya ta tsufa.
Mutum tara ke amfani da ita a duniya.
Na san sunan takwas.

Ran Lahadi sai ga waya daga Võru.
Helgi ce, ita ba ta rubuta saƙo, kira take.
"Kaarel, abin nan naka ya haɗiye mini amya."
Wace? "Õie. Sunan ƙanwata na ba ta."
Harafin nan mai lanƙwasasshiyar hula,
da an danna shi sai taga ta rufe ruf,
ba sallama.

Dare uku ina bin sawu.
Na zargi waƙafi mai ruwa, na zargi baka,
na zargi kwamfutar Helgi, na zargi Helgi.
Merike ta ajiye shayi a gwiwar hannuna,
ya huce, ta ɗauke, ba ta ce uffan ba.
Ƙarfe biyu da rabi na dare na uku
na kama ɓarawon, ashe ɗan gida ne:
layi na ɗari biyu da sha ɗaya,
da rubutun hannuna a gefensa tun shekara shida,
"a gyara gobe."

Na yi dariya har kyanwa ta bar kujera.
Haruffa huɗu na canja.
Huɗu.

Na sa wa sabon zubin lamba,
sifili da ɗigo tara da ɗigo sha huɗu.
Ɗaya cikakkiya ba ta zuwa, na daina jiranta.

Bayan mako biyu gidan waya ya kira ni.
Kwalba ce cikin tsohuwar safa ta ulu,
zuma baƙa-baƙa mai ƙamshin daji,
da guntuwar takarda:
"Õie ta dawo. Amma rubutun ya yi ƙanana,
idona ba na bara ba ne."

Ga ni nan dai, cokali a baki,
dusar ƙanƙara na zuba kan rufin maƙwabta,
ina neman inda na ɓoye girman haruffa.
Madannin S ya fara danƙo.
Gobe akwai ofis.